RA'AYINMU: Kada Mu Jira Sai An Tsinci Gawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa matasa, wani fim ne na Amurka mai suna Brick ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako. Rian Johnson ne ya shirya shi, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a shekarar 2005, kuma ya ɗauke shi ne a makarantar sakandaren da shi kansa ya yi a garin San Clemente na jihar Kalifoniya. Salonsa irin na tsofaffin finafinan binciken kisan kai ne, sai dai a nan mai binciken da dillalin ƙwayar da wadda aka kashe duk matasa ne, yawancinsu ɗalibai.

Labarin dai shi ne, wata ɗaliba mai suna Emily ta kira tsohon saurayinta Brendan a waya cikin firgici tana neman taimako, bayan kwana biyu ya tsinci gawarta a bakin wata magudanar ruwa. Daga nan ya shiga bin sawu har ya gano gungun masu sayar da hodar heroin.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gidan shugaban gungun. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake gudanar da harkarsa, alhali mahaifiyarsa na sama tana zuba wa baƙinsa abin sha da fara'a, ba ta san me ake ƙullawa ƙarƙashin ƙafarta ba. Haƙiƙa wannan shi ne hoton al'ummar da ta ciyar da cikin yaro ta bar zuciyarsa da yunwa.

To, kada mu ce abin na can ne. A 2018 sai da gwamnatin Nijeriya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa, har da 'yan mata, suka mayar da shi abin maye a garuruwanmu. Iyaye da malamai su ne na ƙarshen ji. Ku kuwa da kuke zama aji ɗaya da majalisa ɗaya da su, kun san wanda ya fara sha, kun san mai kawo masa.

Fim ɗin ya yi wa Brendan kwalliyar jarumta, amma a lura: ya ɓoye gawa, ya yi ƙarya, ya yi aiki ba tare da wani babba ba, ƙarshe kuma aka ƙara zubar da jini, Emily ba ta dawo ba. Musulunci bai ɗora mana ramuwar gayya ba. Ya ɗora mana umarni da kyakkyawa da hani da mummuna tun mutum na da rai, cikin jama'a, da shawarar malamai.

Saboda haka duk wanda ya san wani ɗan'uwa ya fara zamewa, ya je masa yau bayan an sauko daga masallaci. In nasiha ta gagara, ya sanar da iyayensa. Wannan ba tsegumi ba ne, ceton rai ne.

Allah Ya tsare mana imaninmu da zuriyarmu. Wassalam.