Sabon Dokta ya iso a 2023, amma aka ƙi sakar masa fili

A ɗakinmu na hostel mu huɗu ne, kuma mu biyu ne kawai muke ƙona data a kan Doctor Who. Sauran biyun suna ganin mun haukace, wai ga takardun lakca a jibge muna kallon wani mutum yana yawo cikin akwati shuɗi. To, ku yi haƙuri da ni, yau a kan mutumin nan zan yi magana.

Ga wanda bai san shirin ba: BBC ce ta fara nuna shi a Birtaniya ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Jarumin, wanda ake kira Dokta, ba ɗan Adam ba ne. Daga wata duniya ya zo mai suna Gallifrey, zuciyarsa biyu, kuma yana ratsa zamani da sararin samaniya a cikin TARDIS, wani jirgi mai kamannin rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da, cikinsa ya fi wajensa girma. A 1966 William Hartnell, wanda ya fara taka rawar, ya yi fama da rashin lafiya. Maimakon a rufe shirin, marubuta suka ce ai jikin Dokta na iya sabunta kansa ya fito da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ya karɓa. Dabarar nan ce ta riƙe shirin har aka dakatar da shi a 1989, ita ce kuma ta ci gaba da riƙe shi bayan dawowarsa a 2005.

Mu nan mun san zafin sauya jarumi. Wanda ya bi Labarina ya tuna yadda aka yi ta cacar baki da Fati Washa ta karɓi rawar Sumayya daga Nafisa Abdullahi. Bambancin shi ne Doctor Who ya mayar da sauyin ya zama cikin labarin kansa.

A watan Mayun 2022 aka sanar da Ncuti Gatwa a matsayin sabon Dokta. An haife shi a Ruwanda a 1992, iyayensa suka gudu da shi lokacin kisan ƙare-dangi na 1994, ya taso a Sikotilan. Shi ne baƙar fata na farko da ya ja ragamar shirin. Wasu suka yi ta gunaguni a intanet, kamar yadda suka yi a 2017 da aka zaɓi Jodie Whittaker, mace ta farko. Ni dai wannan ƙorafin bai shige ni ba. Ka yarda halitta mai zuciya biyu tana sauya jiki sukutum, sai launin fata ne zai gagare ka? Haba malam.

Abin da ya ɓata min rai daban ne. A ƙarshen 2023, cikin shirye-shiryen cika shekara 60, aka dawo da David Tennant, wanda jama'a suka fi so. Da lokacin miƙa ragama ya yi, sai marubuci Russell T Davies ya raba Dokta gida biyu: Gatwa ya fito, Tennant kuma bai tafi ba, har da nasa TARDIS aka bar masa. A al'adar shirin, tsohon Dokta yana gushewa ne sabon ya gaji komai, mai kallo ya yi kukansa ya haƙura. Ni ma sai da na yi kwana biyu ina fushi da na kalli tafiyar Tennant ta farko, amma fushin ne ya tilasta min ba Matt Smith dama, kuma na zo na so shi. Amma a wannan karon sai aka bar wa masu ƙin Gatwa ƙofar cewa ai Dokta na gaskiya yana nan a gefe yana hutawa.

Abokin ɗakina ya ce na cika fassara, wai gata aka yi wa tsohon ya huta bayan wahalar da ya sha. Wataƙila. Amma ni na ga alamar tsoro, kamar shugaban ƙungiya da ya miƙa mulki ya riƙe makullin ofis.

Shi kuwa Gatwa, wallahi ya iya. A shirin ranar Kirsimeti ya yi rawa, ya yi waƙa, ya zubar da hawaye ba tare da kunya ba, ga murmushin da ke cika allon waya. A lokacin mun yi karo-karon kuɗin data ni da abokina don zango na gaba, kuma na gaya masa idan aka sake leƙo da Tennant don a lallashi masu gunaguni, shi zai biya sauran shi kaɗai.