Abinci na gabansa amma ya kasa ci: larurar ARFID da yadda ake magance ta

A cibiyoyin kula da masu tamowa na Maraɗi, Damagaram, Katsina ko Njamena, kafin a yanke shawarar inda za a kwantar da yaro sai an yi masa gwajin ci. Ana bai wa uwa ƙullin Plumpy'Nut mai nauyin giram 92, ta zauna gefe guda ta ba shi a hankali. Idan ya ci gwargwadon abin da ake buƙata, sai a sallame su da abincin mako guda. Idan ya ƙi, sai a kwantar da shi a sashen da ake kira CRENI a Nijar, a soma ba shi madarar F-75. Wannan tsari ya ceci rayuka masu yawa tun daga yunwar shekarar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar.

Tsarin dai an gina shi ne a kan fahimta guda: yaro na ramewa don abinci bai ishe shi ba, ko don wata cuta ta kashe masa sha'awar ci, kuma da zarar an magance waɗannan biyun zai ci. Haka abin yake ga mafi yawan yara. Sai dai akwai wasu ƙalilan da ke zaune a gidan da ake ɗora tukunya sau uku, an duba su ba a ga zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ko tarin fuka ba, amma ba sa cin komai sai abu biyu ko uku, ko kuma su riƙa ƙaƙarin amai da zarar an kai cokali bakinsu. A gida akan ce taurin kai ne, ko sangarta, ko kuma shafar iska. Likitanci na zamani yana da suna ga wannan hali, yana kuma da hanyoyin magance shi.

Sunan shi ne ARFID, wato larurar gujewa abinci ko taƙaita shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta shigar da ita cikin kundinta na DSM-5 a shekarar 2013, inda ta maye gurbin wani tsohon rukuni da ya taƙaita ga ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara 6. Hukumar lafiya ta duniya OMS ita ma ta ba ta lamba 6B83 a sabon kundin cututtuka na ICD-11, wanda ƙasashe mambobi suka amince da shi a watan Mayun 2019, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Yayin da ma'aikatun lafiya ke komawa kan wannan kundi sannu a hankali, larurar za ta samu gurbi a rajistar asibitocin yankin nan, ko da kuwa ma'aikata ƙalilan ne suka taɓa jin sunanta.

Larurar na zuwa ta fuskoki uku, kuma mutum ɗaya na iya haɗa biyu ko duka. Ta farko ita ce ƙyamar ƙamshi, launi, ɗanɗano ko yadda abinci ke ji a baki: yauƙin miyar kuɓewa ko tsakin dambu kan zama abin da yaro ba zai iya haɗiyewa ba ko da yunwa na cin sa. Ta biyu ita ce rashin sha'awar abinci gaba ɗaya, mutum ya manta bai ci ba, ko ya ƙoshi bayan loma uku. Ta uku tsoro ne da ke biyo bayan wani abu da ya faru, kamar shaƙewa da ƙashin kifi, amai mai tsanani ko ciwon maƙogwaro, har mutum ya koma ruwa-ruwa kawai. Abin da ya raba ta da cutar anoreksiya shi ne mai ARFID ba ya gudun ƙiba, ba ya kuma damuwa da surar jikinsa. Da yawa ma suna son su yi ƙiba, cin ne ya gagare su.

Ba kowane yaro mai zaɓen abinci ne ke da larurar ba. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yara da dama kan guji abin da ba su saba da shi ba, kuma yawanci yana wucewa. Ana kiran abin larura ne idan ya kai ga ramewa ko tsayawar girma, ko ƙarancin sinadaran gina jiki, ko dogaro da robar hanci da abincin ƙari, ko kuma ya hana mutum zama cikin jama'a. Ka'idojin sun gindaya wani sharaɗi mai muhimmanci ga Sahel: ba a kiran abu ARFID idan rashin abinci ne ya jawo shi, ko wata al'ada da ibada irin su azumi. Don haka larurar ba ta rage komai daga gaskiyar cewa talauci, rikici da tsadar hatsi su ne manyan musabbaban tamowa a yankin.

Haɗarin kuma ba koyaushe sikeli ke nuna shi ba. A shekarar 2019 likitoci a birnin Biristol na Ingila sun wallafa labarin wani matashi da ya shafe shekaru ba ya cin komai sai soyayyen dankali, farin burodi da ɗan nama na kanti. Nauyinsa daidai yake da tsayinsa. Yana ɗan shekara 14 aka gano yana da ƙarancin bitamin B12, kafin ya kai 17 jijiyar idonsa ta lalace, ganinsa ya tafi ba dawowa. Igiyar awon damtse da ake amfani da ita a ƙauyuka, wadda ke nuna ja a ƙasa da milimita 115, ba za ta kama irin wannan yaro ba.

Game da musabbabi, wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin kan tagwaye kusan 17,000 bibbiyu masu shekara 6 zuwa 12, wanda aka wallafa a 2023, ya gano kimanin kashi 2 cikin 100 na yaran na da alamun larurar, kuma gado na da kaso 79 cikin 100 a bambancin da ke tsakanin masu ita da marasa ita. An kuma san tana yawan zuwa tare da larurar otizim da ciwon fargaba. Wannan na da nauyi a gidajen da uwa ce ake fara zargi idan ɗa ya rame, a ce ba ta iya girki ba ko ta ɓata shi.

Hanyar magani da ta fi shahara ita ce CBT-AR, wadda Jennifer Thomas da Kamryn Eddy na babban asibitin Masacusets da ke Boston suka tsara don ƴan shekara 10 zuwa sama, har da manya. Zama ne 20 zuwa 30 a matakai huɗu. Da farko ana daidaita lokutan cin abinci, a ƙara yawan abin da mutum ya riga ya saba ci domin nauyi ya dawo. Daga nan a gano wace fuska ce ke riƙe da larurar, a zaɓi abincin da za a koya. Mataki na uku shi ne aikin kansa. Mai ƙyama yakan kawo sabbin nau'o'in abinci biyar a kowane zama, ya duba, ya taɓa, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tauna, yana bayyana abin da ya ji ba tare da cewa da daɗi ko babu daɗi ba. Mai tsoron shaƙewa ana jera masa abinci daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya riƙa hawa mataki-mataki har jikinsa ya gane abin da yake tsoro bai faru ba. Wanda ba ya jin yunwa ana koya masa ci da agogo da kuma jure nauyin ciki. Mataki na ƙarshe shiri ne na hana komawa baya.

Gwaje-gwajen farko sun ba da ƙwarin gwiwa, amma ƙanana ne. A na 2020, cikin yara 20 masu shekara 10 zuwa 17, kashi 70 cikin 100 sun fita daga ma'aunin larurar a ƙarshen jinya. A na manya 15 da ya biyo baya a 2021, adadin ya tsaya a kashi 47. Duka biyun babu rukunin kwatanci. Ga ƙananan yara, an fi aiki ta hannun iyaye: James Lock na jami'ar Sitanfod ya daidaita jinyar iyali don wannan larura, masana a jami'ar Yel kuma sun fito da tsarin da iyaye kaɗai ke zuwa zama, su koyi rage matsin lamba da kuma daina sauya dukkan rayuwar gida don gudun kukan yaro. A Faransa, ƙwararrun gyaran magana da haɗiya kan karɓi ƙananan yara masu matsalar ci.

Har yanzu babu wani magani na sha da hukumomin magunguna suka amince da shi musamman don ARFID. Likitoci kan gwada wasu, ciki har da siproheptadin mai buɗe ciki, a ƙarƙashin sa ido. Wannan sinadari ne ke cikin da yawa daga magungunan ƙiba da ake sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota na Afirka ta Yamma, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Yana sa barci mai nauyi, wasu kuma ana haɗa su da dezametazon mai kumbura jiki da raunana garkuwa. Ko ya buɗe ciki, ba ya cire tsoro ko ƙyama.

Abu na biyu da binciken ke karo da shi shi ne ɗura. Toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu da tafin hannu tsohuwar dabara ce da ake yi da kyakkyawar niyya, amma tana iya tura abinci cikin huhu, tana kuma koya wa yaro cewa lokacin ci lokacin azaba ne. Haka cire beli da wanzami ke yi wa yaron da ke ƙin nono ko yawan amai: yana barin rauni a daidai wurin da ake son yaro ya daina tsoro.

Manya masu larurar sun fi iya ɓoye ta. A al'ummar da ake ci a kwano guda, inda ƙin abincin baƙunta ke zama raini, mutum kan ce ya riga ya ci, ko ya ce gyambon ciki ne. Amarya a gidan surukai, ɗalibi a makarantar kwana da matafiyin da ya tsallaka iyaka ya tarar da wani irin girki, su ne ke fi shiga matsi. Ga mace mai ciki, taƙaita abinci na ƙara haɗarin ƙarancin jini a yankin da matsalar ta riga ta yi katutu.

Babbar tambayar ita ce wa zai yi wannan aiki. A nahiyar Afirka likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, kuma jagoran mhGAP da OMS ke horar da ƙananan ma'aikatan lafiya da shi ba shi da babi na musamman kan larurorin cin abinci. Kuɗin yaƙi da tamowa ma ya ragu tun bayan da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025. Amma yawancin abin da jinyar ke buƙata ba kaya ba ne, lokaci ne da horo. A Zimbabuwe, shirin benci na likita Dixon Chibanda ya nuna cewa dattawan mata da aka horar na iya gudanar da jinyar magana ga masu damuwa, aka kuma tabbatar da hakan a gwajin da aka wallafa a 2016. Yankin Sahel na da nasa dubban ma'aikatan sa-kai da iyaye mata masu wayar da kai kan abinci.

Abin da za a iya farawa da shi ƙarami ne: tambayoyi kaɗan a katin yaron da ya dawo cibiya sau biyu ko uku alhali akwai abinci a gida. Nau'in abinci nawa yake ci? Ya taɓa shaƙewa? Ana yi masa ɗura? Idan an kawar da sauran cututtuka, sai a koya wa uwa da kaka su tsayar da lokutan ci, su ajiye ɗan ƙanƙanin sabon abu kusa da wanda ya saba, su maimaita sau 10 ko 15 ba tare da duka ko tilas ba, su kuma matsa daga abin da ya sani zuwa makusancinsa, kamar daga farar shinkafa zuwa mai ɗigon mai, daga nan zuwa mai ƙwayar wake. Yaron da ke ramewa da sauri, ko ya daina shan ruwa, ko ganinsa ya fara rauni, wurin likita ya kamata a kai shi a ranar.