Turaren Kusa da Cittar Kudancin Kaduna

Hausawa na cewa gwano ba ya jin warin jikinsa. Haka mai fesa turare yake. Bayan 'yan mintoci hancinsa ya saba, sai ya ƙara fesawa, alhali na kusa da shi a ɗakin lacca ko a motar haya tuni kansa ya fara sarawa. A nawa ra'ayin, turaren kirki shi ne wanda ba ya riga mai shi shiga ɗaki, sai an matso za a gaisa sannan a ji shi. Kuma mu mutanen Kudancin Kaduna muna da kayan haɗa irinsa a gonakinmu.

Irin wannan turare ba baƙo ba ne a Arewa. Dubi humra, wadda matan Barno suka yi fice wajen haɗa ta da farce da sandal da miski. Rufe ta ake yi a kwalba, a ajiye har ta tsumu, sannan a shafa kaɗan a jiki don na kusa. Turawa ma sun bi wannan hanya. A 2006 wani Bajamushe, Geza Schoen, ya fitar da turaren Molecule 01 daga sinadari guda ɗaya tak, ƙamshinsa kuwa a fata yake lafewa.

Masu sana'ar kan gina turare hawa uku: ƙamshin da ke fara bugun hanci ya wuce, da na tsakiya, da na ƙasa mai daɗewa. Citta ta dace da hawan farko. Ita ce ke buɗe turaren Twilly da kamfanin Hermès na Faransa ya fitar a 2017, sandal kuma ya riƙe ƙasansa. To ina cittar take? Tana Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, inda Kafanchan take. Manomi ya tsaga ta, ya shanya, a ɗura a buhu a yi Legas da ita, a tatsi manta a wata ƙasa. Da cuta ta afka wa gonakin citta a 2023, manomi ne ya kwana da asara, ribar kwalba kuwa da ma ba ta taɓa zuwa hannunsa ba.

Wani zai ce ai citta ta kunu ce da shayi, wa zai shafa yaji a wuyansa? Amsa ita ce, idan aka tatsi man citta da tururi, sinadarin da ke sa zafin ba ya biyo shi. Abin da ke fitowa ƙamshi ne mai ɗumi da ɗan kamannin lemo. A ɗora shi kan sandal da kajiji, a ƙara ƙamshin ƙasa na ruwan farko. Wannan ba tatsuniya ba ce, don a garin Kannauj na Indiya sun daɗe suna tatso shi daga gasasshen yumɓu.

A nan ne aikinmu na ɗaliban harshe ya shigo. Na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan kalmomin abin da hanci ya ƙi: wari, ɗoyi, ƙarni, zarni, ƙauri, hamami. Na abin da yake so kuwa, kusan kullum ƙamshi kawai muke cewa. Wanda ba shi da kalmar bambanta ƙamshin citta da na kanumfari, da wuya ya koyar da haɗi ko ya tallata shi.

Saboda haka ina kira ga masu neman batun kundin kammala digiri da su zauna da mata masu haɗa humra da turaren wuta, su rubuta sunayen kayan haɗi da yadda suke siffanta kowane ƙamshi. A haɗa da takwarorin kalmomin a Tyap da Jju da Hyam. Masu ilimin sinadarai su tatso man, mu kuma mu raɗa wa turaren suna.