Wa Ya Ce Dole Sai Daga Na Ɗaya?

Yau faɗa na zo yi, kuma da mutanen nan zan yi shi, masu tare mace su ce mata in dai tana son karanta littattafan Discworld na Terry Pratchett, to wajibi ne ta fara daga na ɗaya, ta bi su a jere har na 41. Haba jama'a! Wannan ai korar mai karatu ce da sunan shawara.

Ga wadda ba ta san zancen ba, shi Pratchett marubuci ne ɗan Ingila, an haife shi a 1948, ya rasu a 2015. Ya ƙago wata duniya shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, tana bisa bayan giwaye huɗu, su kuma giwayen suna tsaye a gadon bayan wani ƙaton kunkuru mai iyo a sararin samaniya. Tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, sai dai ta manya, ana dariya ana tsokanar halayen ɗan Adam. Da Turanci suke, kuma Turancin nan cike yake da wasa da kalmomi.

Na san inda muka samo wannan ɗabi'a ta sai na ɗaya. Littattafanmu na soyayya ne suka saba mana. Marubuciya za ta kai ki daidai inda amarya ta yanke jiki ta faɗi, sai ta ce mu haɗu a littafi na biyu. A can kam wadda ta tsallake na ɗaya ta yi asara, domin labari guda ne aka yanka shi gida uku. To Discworld daban yake. Ki ɗauke shi kamar babbar unguwa mai gidaje da yawa: ga gidan tsofaffin mata masu magani, ga gidan 'yan sintirin birni, ga gidan bokaye na jami'a, ga gidan Mutuwa da jikarsa. Kusan kowane littafi yana da farkonsa da ƙarshensa. Wa ya taɓa cewa baƙuwa ba za ta shiga gidan ƙawarta ba sai ta gaisa da duk gidajen da ke bakin layi?

Kuma wane ne na ɗayan da ake ta tura mu gare shi? The Colour of Magic, na 1983. Labarin wani matsoracin boka ne, Rincewind, wanda bai iya komai ba sai gudu, da wani baƙo ɗan yawon buɗe ido mai akwati mai ƙafafu. Akwai ban dariya, ban musa ba. Amma dariyar tasa ta kwaikwayon wasu marubutan Amurka ce, irin su Fritz Leiber da H. P. Lovecraft da Anne McCaffrey. Don Allah a cikinmu wa ta karanta su? In ba ki san wanda ake kwaikwaya ba, ina za ki ga abin dariya? Kamar a kai ki gidan biki ne a dangin da ba naki ba, ana ta habaici ana shewa, ke kina zaune kina yaƙe. Sannan shi ne ma wanda ya ƙare a rataye, jarumin ya faɗa daga gefen duniya, sai a The Light Fantastic na 1986 aka ci gaba. Wato an sa ki sayi biyu kafin ki kai ga inda marubucin ya fara gano muryarsa.

Masu wannan shawara yawanci mutane ne da lokaci ya yi musu yawa. Ita kuwa matar aure yaushe take karatu? Bayan ta sauke tukunya, ta yi wanke-wanke, yara sun yi barci, in an ci sa'a akwai wuta. Kuɗin littafin ma daga ɗan abin da ta tara ne, ko aro ta yi ana jiranta ta mayar. Irin wannan in littafin farko ya gundure ta, ta ajiye ke nan, ba za ta sake waiwayar sauran 40 ɗin ba. Shi ya sa nake jin zafin abin.

Ni shawarata, ki fara da Wyrd Sisters na 1988, wanda shi ne na shida a jeri. Kada kalmar da Turawa ke kiran matan nan da ita ta razana ki, ki ɗauka mayu ne masu kama kurwa. Aikinsu na yau da kullum karɓar haihuwa ne, da ba da magani, da zama gun mai jinya har ya cika. Su uku ne. Granny Weatherwax tsohuwa ce busasshiya mai taurin kai, ba ta taɓa aure ba, kuma yawancin maganinta sanin halin mutane ne. Magrat yarinya ce mai sanyin hali da tsofaffin suka raina. Sai Nanny Ogg, wadda wallahi kin san ta, domin akwai irinta a kowace unguwa: 'ya'ya goma sha biyar, jikoki ba adadi, surukanta mata su ke mata shara da girki, ita kuwa ko sunayensu ba ta riƙe ba. Bakinta ba linzami, wannan kam na gaya miki tun yanzu. A labarin, an kashe sarkin ƙasar Lancre, jaririnsa ya faɗo hannun matan nan, suka ɓoye shi gun 'yan wasan kwaikwayo. Wadda ta yi Macbeth a sakandare za ta ƙara jin daɗi, wadda ba ta yi ba ma ba ta rasa komai ba.

Daga nan ki wuce Witches Abroad na 1991. Wannan shi ne nawa. Matan uku sun yi doguwar tafiya zuwa birnin Genua don su hana a aurar da wata yarinya 'yar aiki ga ɗan sarki. Ki lura, hanawa suka je yi. Akwai wata mai iko a birnin da ta ƙudurta sai kowa ya yi rayuwa irin ta tatsuniya, ko yana so ko ba ya so, kuma a ganinta alheri take yi wa yarinyar. Duk wadda ta taɓa jin an ce wa yarinya "gata ake yi miki" a kan mijin da ba ta so, ba sai an yi mata fassara ba. Bayansa Lords and Ladies na 1992, wanda ya ɗora kai tsaye daga dawowarsu gida, sai Maskerade na 1995 da Carpe Jugulum na 1998.

To a nan kuma zan juya kan ɗaya ɓangaren, masu cewa ɗauki kowanne kika samu. Su ma ban yarda da su ba. In kin shiga gida ɗaya, bi shi a jere. Wadda ta fara da Lords and Ladies za ta tarar ana shirin bikin Magrat ba ta san yadda aka yi aka haɗu ba. Haka gidan 'yan sintiri: a Guards! Guards! na 1989 za ki tarar da Sam Vimes mashayi ne yana kwance a kwata, a Men at Arms na 1993 ya yi aure, daga baya ya zama babban mutum. In kin fara da Night Watch na 2002, duk da kyansa, kin ci nama kin bar romon.

Hujja ɗaya ce ta masu bin jeri da nake girmamawa. Sun ce ta haka ne za ki ga yadda alƙalamin marubucin ya nuna, da yadda birnin Ankh-Morpork ya samu jarida da gidan waya da jirgin ƙasa sannu a hankali. Gaskiya ne. Amma wannan daɗi na wadda ta riga ta kamu da so ne, ta dawo zagaye na biyu. Ba a fara koya wa yarinya girki da tuwon biki.

Idan ƙanwarki ko 'yarki ce za ta fara, ko ke Turancin bai zauna miki sosai ba, ba ta The Wee Free Men na 2003. Don matasa aka rubuta shi, yana da babi-babi, alhali yawancin sauran a miƙe suke ba babi. Tiffany Aching yarinya ce 'yar shekara 9, 'yar makiyaya, gwanar yin cuku, ta tafi ƙwato ƙanenta da aka sace, makaminta kaskon suya. Sai dai ƙananan mutanen da ke taya ta karin harshen Sikotland suke yi, sai an ɗan yi haƙuri da su. Littattafanta biyar ne, kuma na biyar ɗin, The Shepherd's Crown, shi ne na ƙarshe a duk jerin. Ya fito a 2015, watanni kaɗan bayan rasuwar marubucin, wanda ya yi fama da cutar mantuwa tun 2007. Wannan kam ko kyauta aka ba ki, sa shi a ƙasan akwati. Akwai abin da ya faru a farkonsa da ba zai taɓa ki ba sai kin yi doguwar zama da Granny Weatherwax, kuma ba ni zan faɗa miki ba.