Ranar da Makaranta Ta Sauya Abokan Karawarta

Sharhinmu na yau zai kai mu Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, a kan wani al'amari wanda mai hange daga nesa zai ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa ga iyaye da malamai da ɗaliban da abin ya shafa yana cikin manyan hukunce-hukuncen da ake yanke musu: watau makarantar sakandare ta bar rukunin makarantun da ta saba karawa da su a fagen wasanni, ta koma wani rukuni dabam, ko dai bisa son ranta ko kuwa bisa tilas.

A Teksas akwai wata hukuma da ake kira UIL, wadda Jami'ar Teksas da ke birnin Austin ta assasa tun shekarar 1910, kuma ita ce ke riƙe da ragamar gasa tsakanin makarantun gwamnati, tun daga muhawara da kiɗan badujala har ya zuwa ƙwallon Amurka, wasan nan da sunansa na ƙafa ne amma hannu da kafaɗa suka fi aiki a cikinsa. Ƙa'idar hukumar ita ce, duk bayan shekara biyu, sai a ƙidaya ɗaliban kowace makaranta a watan Oktoba, sa'an nan a farkon Fabrairu a fito da sabon rabo, a kasa makarantu daraja shida, daga 1A har zuwa 6A, wadda aka ƙara a shekarar 2014. Na ƙasa su ne makarantun ƙauye masu ɗalibai kamar ɗari ko ƙasa da haka, waɗanda saboda ƙarancin yara mutum shida-shida suke buga ƙwallonsu maimakon sha ɗaya. Na sama kuwa su ne masu ɗalibai fiye da 2,000. A cikin kowace daraja kuma sai a tsattsaga su gunduma-gunduma, kowace makaranta ta san waɗanda za ta yi shekara biyu tana gwabzawa da su. Safiyar da takardar nan ke fitowa, za ka ga masu horar da 'yan wasa sun cika zaure tun da sassafe, kowa da waya a kunne da takarda a hannu, wannan yana neman wanda zai cike masa gurbin mako na biyu, wancan ya dafe kai domin ƙarin yara ƙalilan ya ɗaga shi zuwa darajar da a cikinta shi ne auta. Kafin azahar an gama ƙulla jadawalin shekara biyu, kuma galibin yaran da za su ɗauki nauyin jadawalin suna aji a lokacin, ba wanda ya tambaye su.

Daga cikin sauye-sauyen da aka yi a wannan jiha, wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na wasu makarantu biyu na Katolika, na yara maza zalla, ɗaya a Dallas ana kiranta Jesuit, ɗaya a Houston ana kiranta Strake Jesuit. Shekara da shekaru suna cikin wata ƙungiyar gasa ta makarantun Kirista masu zaman kansu, har ƙungiyar ta watse a wajajen shekarar 2000. Da suka nemi shiga sauran ƙungiyoyin makarantun kuɗi, sai aka ce sun yi girma da yawa, ƙananan makarantu ba za su iya da su ba. Da suka juya wajen UIL kuma, sai aka ce ai wannan zaure na makarantun gwamnati ne. Suka zama ba su nan ba su can, suna roƙon wasa daga duk wanda ya yarda, ba gunduma, ba kofin da za a sa a gaba. Makarantar Dallas ta kai ƙara kotu, maganar ta kai har majalisar dokokin jiha, daga bisani a shekarar 2003 hukumar ta buɗe musu ƙofa, amma da sharaɗi mai nauyi: za su yi gasa ne a darajar da ta fi kowace girma, tare da makarantun da suka ninka su yawan ɗalibai.

To, me ya biyo baya? A nan ne darasin yake, kuma ina roƙon mai sauraro ya ba ni kunnensa. A lokacin da ake ta jayayya, hankalin kusan kowa yana kan ƙwallon Amurka, domin shi ne sarkin wasanni a Teksas, shi ke cika fili daren Juma'a, shi ke kawo kuɗin ƙofa. Amma da aka shiga fagen, kofunan jiha da suka fara zuwa ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. A shekarar 2010 makarantar Dallas ta ci kofin jiha na ƙwallon ƙafa irin wanda muka sani, ta zama makarantar kuɗi ta farko da ta ɗauki kofin ƙungiya a ƙarƙashin UIL, kuma abin sha'awa, 'yar'uwarta ta Houston ce ta doke a wasan ƙarshe. A 2016 ta ƙara da kofin wasan besbol. Jordan Spieth, wanda daga baya duniya ta san shi a wasan golf, yana ɗalibinta ne ya ci gasar jiha sau uku a jere, daga 2009 zuwa 2011. Matthew Boling kuma, wanda ya lashe tseren mita 100 na jiha a 2019, rigar Strake Jesuit ce a jikinsa. Ashe hukunci ɗaya da aka yanke ya sauka a kan ƙungiyoyi dabam-dabam da nauyi dabam-dabam: ga wasu ya zama buɗi, domin sun sami abokan karawa da suka kai su, ga wasu kuwa ya zama hawan dutse na shekaru.

Wannan shi ne abin da nake son a riƙe. Makaranta ba ƙungiya ɗaya ba ce. A ƙarƙashin suna ɗaya da tuta ɗaya akwai 'yan ƙwallon kwando maza da mata, da 'yan ƙwallon raga, da masu ninkaya, da masu kokawa, da masu guje-guje da tsalle-tsalle, har da ƙananan ƙungiyoyin 'yan ajin farko waɗanda jarida ba ta taɓa ambatonsu. Kuma idan shugabanni suka zauna suka auna maslahar ƙungiya guda, wadda ta fi suna da kawo kuɗi, suka gina hukunci a kanta, to, sun yi ƙiyasi a inda illar hukuncin ba ɗaya ba ce, kuma kowane ɗalibin fiƙihu ya san ƙiyasi irin wannan ɓatacce ne.

A duba maganar tafiya kawai. Faɗin Teksas ya kai kimanin murabba'in kilomita 695,000, watau wajen kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya, kuma a yammacin jihar, wajen El Paso da Odessa da San Angelo, manyan makarantu sun yi wa juna nisa ƙwarai, har gunduma ɗaya takan haɗa garuruwan da ke da sa'o'i da dama na mota a tsakaninsu. 'Yan ƙwallon Amurka sau ɗaya suke wasa a mako, galibi daren Juma'a, wasa goma kafin zagayen kofi, washegari kuma babu makaranta. 'Yan ƙwallon kwando da na raga kuwa sau biyu suke fita, galibi Talata da Juma'a. Yarinyar da ke ƙungiyar ƙwallon raga, idan aka mai da makarantarta rukuni mai nisa, za ta bar aji tun ba a tashi ba, ta shiga doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa, ta buga wasanta, sa'an nan ta dawo tsakar dare tana ƙoƙarin ƙarasa aikin lissafi a kan cinyarta da hasken waya, mota tana girgiza, kuma da safe malami yana jiranta da jarrabawa. Tun shekarar 1984 dokar jihar ta shar'anta cewa ɗalibin da ya faɗi darasi za a dakatar da shi daga wasa, kuma doka ce mai kyau. Amma ina adalci idan hukumar da ke aiwatar da sharaɗin cin darasi ita ce kuma ta cinye lokacin karatun a kan titi? Mahaifiyarta ma, wadda da can takan tashi daga aiki ta leƙa filin maƙwabta ta ga 'yarta, yanzu sai dai a ba ta labari.

Sai maganar tsara. Ko a dandalin dambe, sarkin fawa ba ya barin a haɗa sabon shiga da wanda ya shekara goma yana kisa, domin abin da zai fito daga ciki rauni ne, ba gwaninta ba. Haka abin yake a ƙwallon Amurka, inda jiki ke karo da jiki: makarantar da ta zama auta a darajarta tana fita da yaro ɗaya yana tsaron gida yana kuma kai hari, abokiyar karawarta tana da masu jiran canji cike da benci, kuma kafin kaka ta raba, raunuka sun rage mata yara, sauran kuma gwiwarsu ta yi sanyi. Yaro ɗan shekara sha biyar da ake lallasawa kowane mako ba ya koyon haƙuri kamar yadda manya ke riyawa. Galibi ajiye rigar yake yi. Akasin haka ma ɓarna ce, domin ƙungiyar da ta sauka inda babu mai iya tsaya mata tana tara nasara ne ba tare da ta ƙaru da kome ba. Jihohi da dama sun yi ta laluben mizani a kan wannan, musamman game da makarantun kuɗi da ke ɗaukar yara daga ko'ina alhali ta gwamnati an iyakance mata unguwa: Tenesi ta ware wasu makarantun kuɗi a rukuni na dabam a 1997, Ilinoi kuma ta riƙa ninka adadin ɗalibansu da 1.65 kafin ta sanya su a daraja. Kowace dabara da nata aibin, ba kuma zan tsawaita a kansu ba.

Akwai wata asara kuma wadda ba ta shiga lissafin ma'aji, kuma tarihin Teksas ɗin kansa ya nuna ta ƙarara. A zamanin wariyar launin fata, makarantun baƙaƙen fata ba su da izinin shiga UIL, saboda haka tun 1920 suka yi tasu ƙungiyar, wadda ke da mazauni a kwalejin Prairie View, har ta tara ɗaruruwan makarantu. A Houston, karawar makarantun Yates da Wheatley ta ranar bikin godiya a watan Nuwamba takan tara dubun-dubatar jama'a, kowa cikin kayansa na fita kunya, tsofaffin ɗalibai suna zuwa daga garuruwa masu nisa. Da aka rushe katangar wariya, makarantun suka fara shiga UIL daga 1967, tsohuwar ƙungiyar kuma ta nannaɗe tabarmarta a 1970. Babu mai hankali da zai yi kukan mutuwar wariya; zalunci ce, kuma kawar da ita wajibi ne. Yaran ma ba su ɓata lokaci ba wajen ba da hujja: Wheatley ta ci kofin jiha na ƙwallon kwando a 1968 da 1969 da 1970, Yates kuma a 1985 ta ɗauki kofin ƙwallon Amurka ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba, ta doke shahararriyar makarantar Permian ta Odessa da ci 37 da nema. Duk da haka, babban taron nan na Nuwamba bai sake komawa yadda yake ba, an rufe makarantun baƙaƙe masu yawa a ƙananan garuruwa ko aka mai da su na ƙananan aji, kuma masu horarwa da dama da suka yi shekaru suna shugabanci suka koma mataimaka ko suka rasa aikin. Idan har sauyin da yake haƙƙi ne tsantsa ya zo da irin wannan hasara, ina ga sauyin da ba a yi shi don kome ba sai neman kofi mai sauƙi ko ƙarin kuɗin ƙofa? Hamayyar da kaka da uba da jika suka gada da makarantar ƙetaren gari, wadda saboda ita mai shago ke rufe shagonsa da wuri, ba a sayenta, kuma sabon rukuni ba ya bayar da ita sai bayan tsawon zamani.

Ban ce kada makaranta ta taɓa sauya rukuni ba. Wadda ƙungiyarta ta watse, kamar makarantun nan biyu na Dallas da Houston, ba ta da zaɓi, kuma sun yi daidai da suka nace har aka buɗe musu; wadda garinta ya bunƙasa ko ya ragu, lalle ne ta nemi tsararta; wadda aka hana ta shiga saboda launin fatar 'ya'yanta kuwa, haƙƙinta ta karɓa. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukuncin a ɗaki ɗaya da ƙungiya ɗaya a zuciya, sa'an nan a kira iyaye taro domin a sanar da su abin da aka riga aka gama. Yaran nan amana ce a hannun makaranta, kuma karatu aka kawo su yi. Wasa reshe ne na tarbiyya, ba shi ne asalin ba.

Saboda haka kirana ga duk shugaban makaranta da majalisarsa da ke tunanin irin wannan ƙaura shi ne: kafin a kaɗa ƙuri'a, a rubuta wa kowace ƙungiya, babba da ƙarama, ta maza da ta mata, adadin sa'o'in da za ta yi a mota da adadin darussan da za ta rasa a sabon rukuni, a liƙa takardar inda iyaye za su gani, a kuma saurari mai horar da 'yan ƙwallon raga kamar yadda ake sauraron mai horar da 'yan daren Juma'a. Makarantar da ta kasa nuna wannan lissafi a fili, ta zauna inda take har sai ta iya.