Gubar abinci: Kafin a kama mai girki, a fara kai ragowar tukunya ɗakin gwaji

Labarin kusan iri ɗaya ne duk lokacin da ya faru. An yi biki ko walima, an ci an sha, kafin gari ya waye asibiti ya cika da masu amai da gudawa. Kafin azahar an tsare wadda ta yi girkin ko an garƙame shago. Wasu na cewa guba aka zuba, wasu na cewa sammu ne. Ragowar abincin kuwa, tuni wani mai jin tsoro ya juye shi a kwata, ya wanke tukunya tas.

Da wannan wankin tukunyar ake zubar da babbar shaidar da za ta iya faɗin abin da ya faru. Ƙwayoyin bakteriya masu cutarwa ba sa sauya wa abinci kala ko wari a mafi yawan lokuta. Naman da ke ɗauke da Salmonella na iya yin ƙamshi ya kuma yi daɗi. Hancin mai saye da idon malamin duba-gari duk ba su isa su yanke hukunci ba, sai ɗakin gwaje-gwaje.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun nuna cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki na mutuwa. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Abin da ke kashe mutane haka bai kamata a bar shi a hannun zato ba.

Tambayoyi biyu ake yi wa abinci a ɗakin gwaji. Ta farko: ƙwayoyi nawa ne a ciki? Ta biyu: akwai wata takamaimiyar muguwar ƙwaya ko babu?

Hanyar ƙirga ba ta da sarƙaƙiya kamar yadda ake tsammani. Ma'aikaci zai auni giram 25 na abincin, ya markaɗa shi cikin mililita 225 na ruwan da aka riga aka kashe duk wata ƙwaya da ke cikinsa. Daga nan ya ɗebi mililita 1 ya zuba cikin mililita 9 na sabon ruwa, ya sake ɗiba daga wannan ya zuba a na gaba, yana tsinka shi ninki goma a kowane mataki. Sai ya zuba kaɗan daga kowanne a wani ɗan faranti mai murfi, irin wanda Bajamushe Julius Petri ya ƙirƙiro a 1887, tare da agar, wani abu mai daskarewa kamar kafaffen koko da ake samu daga ciyawar teku, wanda aka haɗa da abincin da ƙwayoyin ke so.

Ana ajiye farantan a wata na'ura mai ɗumi, kamar injin ƙyanƙyasar ƙwai, a zafin da ya yi kusa da na jikin mutum, kwana ɗaya zuwa biyu. Duk ƙwayar da ke da rai za ta yi ta hayayyafa a inda ta faɗa, har ta zama ɗigon da ido ke gani. Ɗigon ake ƙirgawa, kuma an fi amincewa da farantin da ke da tsakanin 30 zuwa 300. Idan aka ga ɗigo 150 a farantin da aka zuba wa mililita 1 na ruwan da aka tsinka sau 10,000, to giram ɗaya na abincin nan na ɗauke da ƙwayoyi kusan miliyan ɗaya da rabi.

Yawan lamba kaɗai ba ya nufin cuta, kuma nan ne ake yawan yi wa masu sana'a rashin adalci. Kindirmo cike yake da bakteriya, su ne ma suka mai da madarar kindirmo. Abin da ya kamata a nema a ƙwaryar fura da nono ko robar zoɓo shi ne irin su E. coli, wadda samunta ke nuna cewa najasa ta kai ga abincin ta hannu, ta ruwa ko ta ƙuda.

Tambaya ta biyu ta fi cin lokaci. Ƙa'idar da aka saba bi kan Salmonella a abincin da ake ci kai tsaye ita ce kada a same ta ko kaɗan a cikin giram 25. Tun da tana iya zama 'yar kaɗan, ko ta galabaita saboda zafi ko sanyi, sai an fara farfaɗo da ita a ruwa mai gina ta na kusan kwana guda. Sannan a mayar da ita wani ruwan da ke danne sauran ƙwayoyi ya bar ta, sannan a shafa a farantin da take fitowa da baƙin ɗigo a tsakiya, sannan a yi gwajin tabbatarwa. Kwana huɗu zuwa mako guda na iya tafiya a haka. Gwajin PCR, wanda jama'a suka ji sunansa lokacin korona, yana neman ƙwayar halittar bakteriyar ne kai tsaye, don haka yana rage jiran zuwa kwana ɗaya ko biyu. Sai dai yana da tsada, kuma yana iya nuna alamar ƙwayar da ta riga ta mutu.

Wannan jinkirin ne jami'ai ba sa iya jurewa, musamman idan 'yan jarida sun tsare su da tambayoyi. Jamus ta ɗanɗana kuɗar gaggawa a 2011. Wata muguwar E. coli ta kwantar da dubban mutane, ta kashe fiye da 50. Hukumomin birnin Hamburg suka fito suka ɗora laifin a kan kokwamba daga Sifaniya, domin an ga E. coli a jikinta. Da aka kammala gwaji sai aka gane ba irin wadda ke kashe mutanen ba ce. Kafin nan manoma sun yi ta zubar da amfanin gona, har Tarayyar Turai ta ware sama da Yuro miliyan 200 don rage musu asara. Daga baya bincike ya karkata kan tsiron irin hulɓa da aka shigo da shi daga Masar. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da kayan aiki, sai a auna halin da mai abincin bakin tasha za ta shiga idan aka ambaci sunanta ba tare da takardar gwaji ba.

Afirka ta Kudu kuma ta nuna amfanin bin sawu har ƙarshe. Tsakanin 2017 da 2018 cutar da ƙwayar Listeria ke haddasawa ta kama sama da mutum 1,000, ta kashe fiye da 200, da yawansu jarirai. An shafe watanni ba a san daga ina take ba. Sai da wasu yara a gidan renon yara a Soweto suka kwanta bayan cin wani sarrafaffen nama da ake kira polony, jami'ai suka ɗauki samfurin naman daga wurin. Masana suka karanta jerin ƙwayar halittar bakteriyar, suka ga ta yi daidai da ta jikin marasa lafiya, ta kuma yi daidai da wadda aka samu a wata masana'anta a Polokwane. Ranar 4 ga Maris, 2018, ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya sanar da sakamakon, aka janye kayan daga kasuwa, cutar ta lafa. Da an zubar da ragowar naman nan, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da za a ƙara ana binne mutane.

A Najeriya ba masana aka rasa ba. Hukumar NAFDAC na da ɗakunan gwaji a wurare irin su Oshodi a Legas da Kaduna, kuma jami'o'i da kwalejojin kimiyya na yaye ɗaliban wannan fanni duk shekara. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin tukunya da ƙofar ɗakin gwajin. A yanayi mai ɗumi wasu ƙwayoyin na ninka kansu duk minti 20, ma'ana guda ɗaya na iya haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Samfurin da aka ƙulla a leda, aka jefa a bayan mota cikin zafin watan Afrilu, lambar da zai bayar ta hanya ce, ba ta ranar biki ba. Haka ma sakamakon "ba a samu komai ba" na iya yaudara: ƙwayoyin da ke tsira a shinkafar da ta kwana, da waɗanda ke shiga abinci daga hannun mai girki, suna barin dafin da ɗumame ba ya kashewa ko bayan su sun mutu. Sai an nemi dafin da nasa gwajin daban.

Saboda haka abin da ya kamata ƙananan hukumomi su tanadar wa kowane ofishin duba-gari ba shi da tsada: kula mai ƙanƙara, mazubai masu tsabta da murfi, safar hannu, kuɗin mota, da sunan ɗakin gwajin da zai karɓi samfur a ranar. Asibitin da aka kai marasa lafiya ya ɗauki samfurin bahayarsu kafin a fara ba su maganin kashe ƙwayoyi, domin a samu abin kwatantawa. A dakatar da sayar da abincin da ake zargi nan take, wannan ba sai an jira gwaji ba. Amma kame da ambaton suna su jira takarda. Idan sakamako ya fito, a faɗa wa jama'a sunan ƙwayar da adadinta, maimakon "ana ci gaba da bincike" da ba a sake jin ɗuriyarsa.

A gida kuma, idan mutum biyu ko uku suka kamu da amai da gudawa bayan cin abinci ɗaya, a fara kai su asibiti. Ragowar abincin a rufe shi a mazubi mai tsabta, a rubuta ranar da lokacin da aka ci, a sa a firij ko cikin ƙanƙara nesa da hannun yara, har ma'aikatan lafiya su zo su ɗauka.