Fentin robar cikin mota: ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Duk wanda ya leƙa cikin motocin da ke tsayawa a Tawa ranar Lahadi, ranar babbar kasuwa, musamman waɗanda ke jigila zuwa Afala, Barmu da Takanamat, zai lura da abu guda: inji yana nan da ƙarfinsa, amma robar cikin mota ta mutu. Tablo, wato allon da ke gaban direba, ya koɗe kamar an barbaɗa masa toka, marfin ƙofa ya yi dabbare-dabbare, mariƙin hannu kuma ya soma farfashewa. Ganin haka ne ya sa masu motoci da dama suke sayen gwangwanin fenti na fesawa, su yi aikin da kansu a gida. Wasu sukan dace. Mafi yawa kuwa kafin wata ya zagayo fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, mota ta fi da muni.

Batun ya wuce na ado, domin mota dukiya ce mai wuyar mayarwa. Tun ranar 12 ga watan Janairu 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20, sabuwar mota ta ƙara yi wa ma'aikaci nisa, aka dogara ga tsofaffin motocin Turai masu sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru. Saboda haka ma'aikacin da ya tara albashi, da ɗan kasuwa, da wanda ya dawo daga biɗa a Abijan ya sayi katkat, kowa yana son motarsa ta yi shekaru, kuma ranar da zai sayar da ita kada a karya mata farashi don cikinta ya lalace.

Abin da ke kashe roba a ƙasar Adar sananne ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe aka bari a rana kuwa, tablonta yakan kai digiri 70. Hasken rana yana cinye launin roba yana sa ta gautsi, ƙura kuma tana shiga kowace kafa.

Kafin a taɓa gwangwani, sai a san irin robar da ake da ita, domin roba iri-iri ce. In aka cire yanki aka juya bayansa, sau da yawa za a ga haruffa a rubuce. Wadda aka rubuta wa ABS tana da tauri, tana karɓar fenti ba tare da gardama ba, amma ruwan tsinka fenti mai ƙarfi yana narkar da ita. Wadda aka rubuta wa PP ita ce mafi yawa a ƙofofi da ƙasan tablo, kuma jikinta kamar an shafa masa kakin zuma yake, fenti ba ya kama ta. In babu rubutu, a yanki ɗan ƙanƙanen ɓarɓashi daga bayan yankin a jefa a kofin ruwa: PP tana tasowa sama, ABS tana nutsewa. Robar PP tana bukatar shafin farko na musamman, wanda ake rubuta wa «apprêt plastique» ko «primaire plastique» a jikin gwangwani. Wanda ya tsallake wannan shafi ya zubar da kuɗinsa.

Sai a cire yankunan daga mota a hankali, domin ƙananan maƙalan da ke riƙe da su sun riga sun bushe, da an fizga sai su karye. A tara kusoshi a kwano guda, a tuna inda kowace ta fito. Abin da ba ya ciruwa, a lulluɓe kewayensa da tsohuwar jarida da salatif.

Daga nan sai wanki, kuma a nan ne rabin aikin yake. Man sheƙi da masu wankin mota suke shafa wa tablo don ya yi ƙyalli yana ɗauke da silikon, wanda shi ne babban abokin gabar fenti: duk inda ya rage, fenti yakan janye ya bar ƙananan ramuka kamar idon kifi. A wanke da ruwa da sabulun gari, a cuɗa da burushi sau biyu ko uku, a ɗauraye. In an zuba ruwa ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya, akwai sauran maiƙo, sai a sake. Bayan ya bushe a goge da alkol na kantin magani da tsumma mai tsabta. Kada a yi amfani da man fetur, domin yana barin nasa maiƙon, ga kuma hatsarin wuta. Sannan a murza fuskar robar sama-sama da takardar guga mai laushi, lamba 400 zuwa 600, gwargwadon yadda sheƙin zai dushe kawai, a sake gogewa, kada kuma a ƙara taɓa wurin da hannu.

Zaɓen lokaci ma yana da nasa muhimmanci. Fentin gwangwani ya fi kwantawa tsakanin digiri 15 da 25. In aka fesa shi da tsakar ranar bazara, yakan bushe a iska kafin ya sauka, roba ta yi kaushi kamar an watsa mata rairayi. Ranar da aka tashi da hazo ko iskar hunturu, ƙura ce za ta manne a ciki. Ranar da aka yi ruwa kuma, raɓar iska tana sa shi ya yi fari. Mafi dacewa ita ce safiya mai sanyi da babu iska, kafin hantsi ya ɗaga, a ƙarƙashin rumfa ko zaure mai buɗaɗɗun ƙofofi, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A nisanci murhu da bututun gas da mai shan taba, a kori yara daga wurin, a rufe hanci da baki, domin tururin fenti yana kama wuta kuma yana cutar da huhu. Gwangwanin kansa an rubuta a jikinsa kada ya sha zafin da ya wuce digiri 50. Wanda ya bar shi cikin mota a rana yana wasa da ransa.

Wajen fesawa, a girgiza gwangwani kamar minti biyu, a fara gwadawa a bayan yankin inda ido ba ya gani. A riƙe shi nesa da roba kamar tsawon taƙi guda, santimita 20 zuwa 25, hannu yana tafiya ba tare da tsayawa ba. Shafin farko ya zama siriri ƙwarai, a jira abin da aka rubuta a jikin gwangwani, sannan a bi da launi sau uku ko huɗu, kowane shafi ɗan kaɗan, da hutun minti goma a tsakani. Shafi guda mai kauri yana zuba, yana toshe zanen robar, kuma shi ne yake fara tsagewa in rana ta buga. A bar yankunan su kwana biyu a inuwa kafin a mayar da su, a yi mako guda ba a wanke su ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wuraren da fenti ba shi da hurumi a kansu ko kaɗan. Saman tablo ba ya son fenti mai sheƙi ko launi mai haske, domin yana mayar da hoto a gilashin gaba, direba ya kasa ganin jaki ko yaro a kan hanya lokacin da rana ta karkata. A nemi baƙi ko ruwan toka wanda aka rubuta wa «mat», wato marar ƙyalli. Marfin jakar iska da ke tsakiyar sitiyari da gaban fasinja an yi shi ne don ya tsage cikin ƙiftawar ido in an yi karo, saboda haka a bar shi yadda masana'anta ta yi shi. Haka nan bel ɗin kujera, da sitiyari inda hannu yake riƙewa, da maɓallan da ke ɗauke da alamomi. Tablon da ya riga ya tsattsage kuwa fenti ba ya ɗinke shi. Wannan sai a kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya lulluɓe shi, ko a nemi wani a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci.

Ga masu saye da sayarwa kuma, ga kalma guda. Gyara cikin mota kafin a kai ta kasuwa ba laifi ba ne, muddin an gaya wa mai saye abin da aka yi. Wanda ya fesa fenti da daddare don ya ɓoye shekarun mota, bazara guda ta isa ta tona shi, kuma a gari kamar Tawa, inda kowa ya san kowa, sunan da ya ɓaci ya fi ribar mota guda tsada. Mai saye shi ma ya sa hanci ya shinshina, ya duba gefen maɓallai da bakin gilashi, ya ɗan kankara da farce a wurin da ba a gani.

Wanda ya ga ba shi da kwana uku da haƙurin wanki, ya kai wa mai fenti wanda ya san roba, ko ya bar motarsa yadda take, ya nema mata inuwa, ya shimfiɗa wa tablo ƙyalle, ya riƙa sa kwali a gilashin gaba duk lokacin da ya tsaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.